Wai me ake nufi da "sa ido" a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa?

Kwanan nan da an ce rijiyar wata unguwa ta fara warin fetur sai ka ji wani jami'i a rediyo yana cewa "ai muna sa ido a kan ruwan". In ka bi diddigi kuwa, sau ɗaya tak aka zo aka ɗebi ruwa a gora aka kai ɗakin gwaji, aka ce lafiya lau, shi ke nan. Wannan gwaji ne, ba sa ido ba, kuma wallahi haɗa su da ake yi yana ci min rai don ran mutane ne a ciki.

Fetur da gas da kananzir ba su kai ruwa nauyi ba. In tankin gidan mai da aka binne ya huje, ko bututu ya tsage, man zai bi ƙasa ya gangara har ya je ya kwanta a saman ruwan kamar man gyaɗa a kan miya. To ruwan ƙasa kuma ba a wuri ɗaya yake tsaye ba, da damina ya taso, da rani ya ja baya, man na binsa sama da ƙasa yana shafe yashi da laka, wani ya maƙale a nan ya jira ruwa ya sake tasowa. Shi ya sa za ka iya ɗiban ruwa a watan Afrilu ka ga garau, a watan Agusta ya dawo da wari. Masu aikin na gaske rijiyoyi na musamman suke tonawa, siririn bututu mai huji-huji daidai inda saman ruwan yake hawa da sauka, ba na sha ba ne. Aƙalla uku ake so don a gane ta ina ruwan ke gangarawa, ɗaya ta gefen da ruwan ke fitowa kafin ya iso tankin, sauran ta gefen da yake gangarawa bayan ya wuce shi, kuma a riƙa dawowa ana aunawa ana rubutawa, shekara da shekaru. Burtsatse mai zurfi da ta wuce wajen can ƙasa ba lalle ta nuna maka komai ba sai abin ya yi nisa.

Kuma fa hanci ba na'ura ba ne. A cikin fetur akwai sinadarin benzin (ba banzin ɗin da mutanen Sudan ke kiran fetur gaba ɗaya ba), yana narkewa a ruwa ya yi gaba ya bar man a baya, kuma yana jawo sankarar jini. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 10 ne a lita ɗaya. Wato cokalin shayi ɗaya na benzin ya isa ya kai ruwa lita sama da 400,000 bakin iyakar nan, cikin tankar mai fiye da goma ke nan.

Duba Ogoni a jihar Ribas. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce a Nisisioken Ogale an samu tataccen mai da kaurinsa ya kai santimita 8 yana yawo a saman ruwan da rijiyoyin mutane ke ja, benzin ɗin ciki ya ninka iyakar fiye da sau 900. Mutane suna sha, suna girki, suna yi wa jarirai wanka da shi. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Da akwai rijiyoyin awo a gefen bututun man da ke yankin tun farko, ai da ba a kai nan ba.

Mu ma nan arewa gidajen mai sun shiga tsakiyar unguwanni, katanga ɗaya tsakanin tanki da rijiyar gida, 'yan garuwa na ɗiba suna kai wa mutane. In jami'i ya ce ana sa ido, a tambaye shi: rijiyoyin awon guda nawa ne, ina suke, yaushe aka ɗiba na ƙarshe, kuma ina sakamakon damina da na rani?