Ƙwaron da kama shi kan kai mutum kotu a Wales

A kan dutsen Snowdon, wanda mutanen Wales ke kira Yr Wyddfa, mai tsayin mita 1,085, akwai wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar wake girma ba. Bayansa na da ratsin ja da kore da ruwan zinariya da shuɗi, shi ya sa ake ce masa ƙwaron bakan gizo. Masana kuma suna kiransa Chrysolina cerealis. Cimarsa tayim na daji, ɗan'uwan wanda ake barbaɗawa a dafaduka. A duk faɗin Birtaniya ba a samunsa sai a tsaunukan wannan yanki, ko da yake yana nan a ƙasashe da dama na Turai.

Dokar Namun Daji da Karkara ta 1981 ce ta sa shi cikin Jadawali na 5, jerin halittun da aka ba kariya ta musamman. Sashe na 9 ya zayyana laifukan. Ba a kashe shi, ba a ji masa rauni, ba a ɗauke shi da gangan. Ba a ajiye shi, da rai ko matacce, ba kuma a sayar da shi. Wannan ya shafi masu tara ƙwari, waɗanda ke soke su da allura su jera a akwatin gilashi, domin ƙwaro mai irin wannan ado shi ne abin nemansu. Haka nan laifi ne a lalata mafakarsa ko a dame shi yana ciki. A shekarar 2000 aka gyara wannan ɓangare aka ƙara ganganci, wato wanda ya san akwai haɗarin ɓarna amma ya yi biris, ba zai tsira da cewa bai yi niyya ba.

Hukunci na iya kaiwa ɗaurin wata 6, ko tara, ko duka biyun, kuma ana iya lissafa tarar a kan kowane ƙwaro guda.

To mai hawan dutse da ya taka shi bai sani ba fa? Babu laifi a kansa, tunda ba da gangan ba ne. Sashe na 10 ma ya ba da uzuri ga wanda ɓarnar ta faru a cikin halastaccen aikinsa, in har ba yadda zai iya kauce mata. Mai bincike kuwa sai ya nemi lasisi daga hukumar albarkatun ƙasa ta Wales kafin ya kai hannu.

Inda nake ganin sashe na 9 ya gaza shi ne, hannun mutum kaɗai yake kamawa. Alhali rayuwar ƙwaron ta rataya ne a kan tayim, shi kuma tayim a kan kiwon tumaki. In tumaki suka yi yawa sai su cinye furen, in suka yi kaɗan sai doguwar ciyawa ta shaƙe shi. Ba alƙalin da zai ɗaure tunkiya. Abin da ya ɗan toshe wannan giɓi shi ne sashe na 28, wanda ya ba da ikon keɓe wuri saboda muhimmancinsa ga kimiyya. A irin wannan wuri, mai fili ba zai canza yadda yake kiwo ba sai da iznin hukuma. Ɗumamar yanayi kuwa ba sashen da ya taɓo ta, kuma ƙwaron da ke zaune kusa da ƙolin dutse ba shi da sauran tudu mai sanyi da zai hau.