Jinyar lantarki ga mai fizgar jiki mai tsanani: tambayoyi da amsoshi

Wace fizga ake nufi?

Motsi ne ko sauti da ke kuɓuce wa mutum ba da son ransa ba: yawan ƙifta ido, ɗaga kafaɗa, fizge wuya, gyaran murya. Idan motsin da sautin suka haɗu, suka haura shekara guda, kuma suka faro kafin shekara 18, sunansa ciwon Tourette, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1885.

Jinyar lantarki, wato ECT, tana maganinsa?

Jinya ce da ake tura lantarki ta kai zuwa ƙwaƙwalwa, mutum yana cikin barcin allura. Ba maganin fizga ba ce a karan kanta. A Rum aka fara ta a 1938, kuma inda amfaninta ya tabbata shi ne ciwon damuwa mai tsanani da sandarewar jiki da ake kira katatoniya. A kan fizga kuwa, rahotannin marasa lafiya ɗaiɗaiku ne kawai a hannu, da yawansu masu fama da damuwa ko masu raunata kansu. Sannan fizga dama takan lafa ta dawo da kanta, don haka sauƙin da aka gani bayan jinyar ba lallai ita ta kawo shi ba.

Me za a gwada tukuna?

Horon sauya ɗabi'a: a koya wa mutum gane ɗan matsin da ke zuwa kafin fizgar, ya tare ta da wani motsi. Sai magunguna irin su clonidine, aripiprazole da risperidone.

Yaya ake yin jinyar lantarkin?

Ba a cin abinci na awa 6 zuwa 8 kafin a fara. A yi allurar barci, sai succinylcholine da ke sassauta tsoka don kada ƙashi ya karye. A sa roba a baki saboda haƙora da harshe, a ba da iskar oksijin. Lantarkin daƙiƙa kaɗan ne, a gefen kai ɗaya ko duka biyu, yana tayar da jijjigar ƙwaƙwalwa da yawanci ba ta wuce minti guda. Sau 2 ko 3 a mako, jimilla 6 zuwa 12.

Ina matsala take fitowa?

Ciwon kai, ciwon jiki da ruɗewa sukan wuce da wuri. Mantuwa ce ta fi damun mutane, musamman ta abubuwan da suka faru daf da jinyar, kuma ta fi yawa idan gefe biyu aka yi. Diazepam da magungunan farfaɗiya suna dakushe jijjigar da ake nema, maganin lithium kuma yana ƙara ruɗewa. Saboda haka a faɗa wa likita duk maganin da ake sha, har na gargajiya.