Kwafar aikin manhaja a cikin editan kod

Kwafar aikin manhaja ita ce samar da sabon aiki daga wanda ake da shi a hannu, domin mai rubuta manhaja ya ɗora a kan ginin da aka riga aka yi, ba sai ya sake haƙa tushe ba. Abin da masu sana'ar ke kira aiki, ko furojet a bakin yawancinsu, folda ce guda da ta tara fayilolin kod (rubutattun umarnin da kwamfuta ke bi) da hotuna da fayilolin saiti, waɗanda ke sanar da kwamfuta sunan manhajar da kayan da take dogaro da su da kuma yadda za a harhaɗa ta. Edita kuwa shi ne manhajar da ake buɗe wannan folda a ciki don rubutu da gyara, irin su Visual Studio Code da Microsoft ya fitar a 2015, da Eclipse da ya fito daga IBM a 2001, da Android Studio wanda Google ya gina a kan wani edita mai suna IntelliJ IDEA, aka kuma saki cikakkiyar sigarsa ta farko a Disambar 2014.

Dalilan yin kwafi a bayyane suke. Matashin da ya rubuta wa wata makaranta a cikin garin Bauchi manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, idan wata makarantar a Azare ta nemi irinta, ba zai sake rubutawa daga layin farko ba. Zai kwafi ta farkon, ya sauya suna da tambari da jerin darussa. Wani kuma gwaji yake so ya yi ba tare da ya taɓa ainihin aikin ba. Malami ma yakan shirya ƙwarangwal ɗin aiki guda ya raba wa ɗalibai, kowa ya cike nasa.

Hanyoyin da ake bi

Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe editan, a kwafi foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri, a ba ta sabon suna, sannan a buɗe ta. Visual Studio Code folda kawai ya sani a matsayin aiki, don haka wannan hanya ta wadatar da shi. Sai dai yana da wani umarni mai suna Duplicate Workspace da ke ruɗin sababbin shiga: fayilolin nan dai na asali yake buɗewa a wata tagar, kuma duk gyaran da aka yi a can yana sauka ne a kan aikin farko. Eclipse yana barin mutum ya kwafi aiki ya liƙa a cikin jerin ayyukansa, ya tambaye shi sabon suna, domin ba ya karɓar ayyuka biyu masu suna ɗaya a wurin aiki guda.

Hanya ta biyu ta Git ce, tsarin adana tarihin sauye-sauyen kod da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Umarnin git clone yana ɗauko aikin tare da tarihinsa kaf, daga intanet ko daga wata folda a kwamfutar. A GitHub, dandalin ajiye ayyukan Git a intanet, wanda aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018, akwai abin da ake kira fok, wato mutum ya ɗauki kwafin aikin wani zuwa asusunsa, amma alaƙarsa da na asali tana nan. Manyan manhajoji sun samo asali ta hanyar ɓallewa daga wasu: MariaDB daga MySQL a 2009, LibreOffice kuma daga OpenOffice.org a 2010.

Abin da ke biyo kwafi a ɓoye

Nan ne gizo ke saƙar. Sunan folda ba shi ne sunan aiki ba, kuma kwafin da aka sauya wa sunan folda kaɗai yana nan ɗaure da na asali ta igiyoyin da ido ba ya gani.

Ta farko ita ce ɓoyayyiyar foldar .git, wadda Visual Studio Code ba ya nuna ta a jerin fayiloli sai an sauya saiti. A cikinta aka rubuta adireshin ma'ajiyar da ake tura aiki, mai suna origin a al'ada. Wanda ya kwafi folda da ita, ya yi gyare-gyarensa, ya tura, to ma'ajiyar aikin farko ya tura wa. Maganin shi ne a duba adireshin da umarnin git remote -v, a sauya shi, ko a goge foldar .git daga kwafin a fara sabon tarihi da git init.

Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce fayilolin sirri irin su .env, inda ake ajiye adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri da mabuɗan hidimomin biyan kuɗi ko aika saƙo. A misalin makarantun nan biyu, idan matashin ya manta da wannan fayil, manhajar Azare za ta tashi lafiya lau, shafi ya buɗe da sabon tambari, alhali makin da malamanta ke shigarwa yana faɗawa rumbun makarantar Bauchi. Kwamfuta ba za ta nuna wani kuskure ba, domin abin da aka rubuta mata take bi. Sai ranar da wani malami ya tarar da sunayen yaran da ba na ajinsa ba a rajista. Saboda haka bai kamata a kunna kwafi ba kafin a karanta fayilolin saitinsa layi bayan layi.

Akwai kuma kayan da kwafarsu ɓata lokaci ce. Foldar node_modules, inda ayyukan da aka rubuta da harshen JavaScript ke tara kayan da suke dogaro da su, takan ƙunshi dubban ƙananan fayiloli, har ta jinkirta kwafi zuwa filashi, kuma a Windows tana iya cin karo da tsohuwar iyakar haruffa 260 ta tsawon adireshin fayil. Umarnin npm install yana sake gina ta daga jerin da ke cikin package.json, kodayake inda data ke da tsada wasu kan gwammace su kwafe ta. Keɓantaccen muhallin Python kuwa, wato foldar da aikin harshen Python ke ajiye kayan da yake dogaro da su, yana ɗauke da adireshin wurin da aka ƙirƙire shi, don haka sabo ake yi masa.

Manhajojin Android

A Android, sunan da ke ƙarƙashin alamar manhaja a fuskar waya yana cikin fayil ɗin strings.xml, amma wayar ba da shi take bambance manhajoji ba. Abin da take dubawa shi ne applicationId, wato sunan shaidar manhajar, da ke cikin fayil ɗin build.gradle. Manhajoji biyu masu applicationId ɗaya abu guda ne a wajenta: sabuwar za ta hau kan tsohuwar, ko kuma ta ƙi shiga idan sa hannun dijital da aka hatimce su da shi ya bambanta. Google Play ma ba ya karɓar manhajar da applicationId ɗinta ya fara da com.example. Idan aikin yana amfani da Firebase, dandalin Google na hidimomin manhajoji, dole a yi wa sabon sunan rajista a sauko da wani google-services.json, in ba haka ba harhaɗawar za ta tsaya.

Haƙƙin mai aiki

Kasancewar kod a buɗe a GitHub ba izinin amfani da shi ba ne. Izinin yana cikin lasisi. Lasisin MIT ya yarda a kwafa, a gyara, har a sayar, da sharaɗin a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a ciki. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya rubuta sigarsa ta farko a 1989, ya wajabta wa duk wanda ya rarraba manhajar da ya gina a kansa ya bayar da kod ɗinta a ƙarƙashin wannan lasisi. Aikin da ba shi da lasisi ko kaɗan haƙƙinsa na hannun mai shi, sai an nemi yardarsa. Wannan ya shafi ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Bauchi da Gombe da ke neman abin ɗorawa don furojet ɗin shekarar ƙarshe: abin da ya dace shi ne ɗalibi ya faɗa wa malamin da ke duba shi inda ya samo ginshiƙin aikin, ya kuma nuna ɓangaren da ya rubuta da hannunsa. Tarihin Git yana riƙe da suna da adireshin imel da ranar kowane sauyi, kuma umarnin git log yana jero su daga na ƙarshe har zuwa na farko.