Faifai ya daina amsawa, kwafi ya yi nauyi: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Waɗannan tambayoyi sun zo mini sau da yawa har na haddace su, saboda haka na tara amsoshin wuri guda.

Kwamfutata tana daskarewa na ɗan lokaci sannan ta ci gaba, kuma na ga saƙo mai lamba 129 a Event Viewer, inda Windows take rubuta abubuwan da suka faru. Mene ne ma'anarsa?

Windows ta aika wa faifan ajiya umarni, bai amsa ba har wa'adin jira ya cika, sai direban storahci, wato manhajar da Windows take magana da faifai ta cikinta, ya sake tayar da hanyar da ke tsakaninsu. Lamba 153 kuma tana nufin an maimaita umarnin karatu ko rubutu. A Linux za ka ga irin wannan a saƙonnin da umarnin dmesg yake nunawa, inda wa'adin da aka saba yake daƙiƙa 30.

To, in sauke sabon direba ke nan?

A'a, ba yanzu ba. Direba ne ya kawo labarin gobarar, amma sau da yawa ba shi ne ya kunna wutar ba.

Me zan fara yi?

Ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, yau ɗin nan. Kuma don Allah ka daina garzayawa ga chkdsk /r, umarnin Windows na bincikar faifai, tun kafin ka san lafiyar faifan, domin wannan umarni yana tilasta masa karanta kowane sashe na tsawon awanni, kuma faifan da ke gargara yana iya ƙarasawa a hannunka.

Yaya zan gane ko laifin waya ne, ko faifai, ko kwantirola (sashen kwamfuta da ke sarrafa faifai), ko direba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci lokaci, kuma duk wanda ya ba ka amsarta a kalma ɗaya bai duba ba. Ka buɗe bayanan SMART, wato rahoton lafiya da faifai yake ajiyewa game da kansa, da manhajar CrystalDiskInfo ko smartctl, ka nemi lambobi huɗu. Lamba 199 tana ƙirga kurakuran da suka auku a kan hanya, tsakanin faifai da babban allon kwamfuta. Idan tana ƙaruwa, mafi yawanci wayar SATA da ke haɗa su ce ta saki ko ta lalace, ko kuma ramin da aka soka ta. Ka lura cewa wannan lamba ba ta komawa sifili bayan gyara, saboda haka abin dubawa shi ne ko ta tsaya, ba ko tana da yawa ba. Mutane da dama sun jefar da faifai mai lafiya saboda rashin sanin wannan.

Lambobi 5, 197 da 198 kuwa maganar jikin faifan suke yi: sassan da aka maye gurbinsu, waɗanda karatunsu ya gagara ake jiran hukunci a kansu, da waɗanda suka ƙi gyaruwa. Idan suna hawa, canza waya ba zai amfane ka ba. Sai dai kada ka ɗauka cewa SMART mai tsabta shaida ce ta cikakkiyar lafiya, domin SSD musamman, wato faifan da ba ya juyawa, yana iya mutuwa ba tare da ya nuna alama ba.

Idan duka huɗun suna nan lafiya, to ka lura da lokacin da daskarewar take zuwa. Wadda take zuwa bayan kwamfuta ta yi zaman banza ko ta farka daga barci, sau da yawa tsimin wuta ne: hanyar SATA tana shiga barci ta tsarin da ake kira HIPM ko DIPM, wasu faifan kuma ba sa farkawa da wuri. Ka kashe wannan tsari tare da tsimin wutar PCI Express, ka gwada na kwana biyu. Wadda take zuwa lokacin aiki mai nauyi kuma tana iya zama zafi ko raunin na'urar ba da wuta. Idan faifai biyu ko uku a kan kwantirola ɗaya suna yin shiru tare, a nan ne zargi ya fara komawa kan kwantirola ko direbansa, kuma a nan ne ya dace ka gwada sauya direban Intel RST da na Microsoft, ko ka sabunta manhajar cikin faifan. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ko matsalar ta tafi ba za ka san abin da ya kore ta ba.

An rubuta 6 Gb/s a kwali, amma ni 150 MB/s nake samu. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba. Wancan gigabit ne, ba gigabyte ba, kuma iyakar SATA III a aikace wajen 550 MB/s ce ga SSD. Faifai mai juyawa mafi yawanci bai kai rabin haka ba. Idan kuwa 35 MB/s kake gani a faifan waje, ramin USB 2.0 ka soka shi.

Kwafi yana farawa da gudu sai ya faɗi ƙasa warwas.

Kwantar da hankalinka, wannan ba lallai ne ya zama ciwo ba. SSD masu araha suna da ƙaramin wurin rubutu mai sauri, idan ya cika sai gudun ya ragu. Faifan SMR, wani nau'in faifai mai juyawa, ma haka yake yi a dogon rubutu, NVMe kuma, wani nau'in SSD mai sauri, yana rage gudu da kansa idan ya yi zafi. Dubban ƙananan fayiloli kuwa dama sun fi babban fayil guda jinkiri.

Na ji an ce a ƙara TimeOutValue, wato wa'adin jiran faifai, a rajistar saitunan Windows.

Hakan yana da amfani ga ma'ajiyar da ake kaiwa gare ta ta hanyar sadarwa. A kwamfutar gida kuwa, tsawaita daskarewar kawai za ka yi.

Na mayar da yanayin aikin faifai a saitin BIOS daga IDE zuwa AHCI, yanzu Windows ta ƙi tashi.

Ba ka rasa komai ba. Ka mayar da shi IDE, ka umarci Windows ta tashi a Safe Mode, ka sake sauyawa zuwa AHCI, sannan ka bar ta ta ɗora direban da kanta kafin ka koma tashi na yau da kullum.