Katifar karaban

Katifar karaban ita ce katifar da ake sawa a cikin karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi, wasu suna ce mishi gidan mota ko ɗakin tafi-da-gidanka. A Kano dai in kace karaban abinda zai fara zuwa wa mutum a rai shine ɗakin ƙarfen nan da kamfanonin aikin titi da na gine-gine suke direwa a wajen aiki, injiniyoyi da masu gadi su dinga kwana a ciki, kuma shima katifarsa kusan matsala ɗaya ce da ta mai tayan. Bambancinta da katifar gida abu uku ne, gurin da za ta shiga matsattse ne kuma ba lallai ya zama mai kusurwa huɗu ba, nauyinta yana shiga lissafin kayan da motar za ta ja, sannan tana zaune ne a kan katako ko akwati wanda iska bata shiga ta ƙasa.

Asalin kalmomin

Katifa aro ce daga Larabci, ƙaɗifa, wanda a can yake nufin yadi mai laushi mai gashi-gashi irin karammiski. Karaban kuma ta Turanci ta iso mana amma asalinta Farisanci ce, karwan, ma'anarta ayari. Kenan kafin kalmar ta koma sunan ɗaki mai taya, sunan jerin fatake ne da dabbobinsu, abinda Kano ta sani tun kafin a yi mota.

Shimfiɗar fatake

Kasuwar Kurmi ana danganta kafa ta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda aka fi cewa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tun wajen lokacin Kano take mahaɗar ayari. Akwai na arewa masu raƙuma da suke sauko da kantun gishiri daga Bilma ta Agadas, da masu zuwa daga Gadamus da Tarabulus na ƙasar Libiya ta yau, akwai kuma na Gwanja masu jakuna da suke tafiya Salaga a ƙasar Gana ta yau sayo goro, waɗanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi fice a kai musamman a ƙarni na 19. Ayarin Gwanja yana da madugu, shine shugaba, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, kuma tafiyar zuwa kaɗai wata biyu zuwa uku take ci, ya danganta da damina da zaman lafiyar hanya. Fagge ma ana cewa asalinta masaukin baƙin ayari ne a wajen ganuwa, haka sunan Zango da ya watsu har ƙasar Gana daga irin wannan masaukin ayari ya samo asali.

To mutumin da zai yi wata uku yana kwana a zango daban-daban, me yake shimfiɗawa? Tabarmar kaba ce da buzu ko agalemi, sai gwado ko luru na rufa in sanyi ya sauko. Ba dan basu san daɗi bane, lissafi ne. Raƙumi wajen kilo 150 yake ɗauka a doguwar tafiya, jaki kuwa bai kai ko rabin haka ba, dan haka duk abinda ka ɗora na kwanciya ka rage na gishiri ko na goro kenan. Buzu yana naɗuwa, yana tare sanyin ƙasa, ka yi sallah a kai ka kwanta a kai, da safe ka kakkaɓe ka ɗaure a kan kaya. Tabarma kuma in ta jiƙe kafin hantsi ta bushe. Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911 zuwa 1912, daga nan ayarin ƙafa ya fara ja da baya, amma tambayar tana nan yadda take, shimfiɗar matafiyi dole ta yi rashin nauyi, ta shiga gurin da ake da shi, ta bushe da wuri.

Daga rimi zuwa soso

Katifar da aka sani a gidajen Kano kafin soso ta audugar rimi ce ga mai hali, ta ciyawa ga talaka da ɗaliban makarantun kwana. Ana ɗinka buhun yadi mai kauri a ɗura, a bi da zare a ɗaɗɗaure dan kar cikin ya taru gefe ɗaya, duk da haka bayan shekara biyu sai kaga ta yi kwari a tsakiya sai an farke an sake ɗurawa. Ta rimi bata da nauyi kuma bata shan ruwa sosai, amma wuta tana kama ta kamar fetur.

Sosan roba, wanda ake yi da ƙaron itacen roba, kamfanin Dunlop na Ingila ne ya fito da shi wajen 1929. Shi kuwa sinadarin foliyuretan, wanda shine sosan da kowa yake kwana a kai yau, Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a Jamus a 1937, sai a shekarun 1950 aka fara yin mai laushin da yawa. Katifar sifirin mai kowane ƙarfe a cikin aljihunsa na yadi James Marshall ne ya yi rajistarta a Kanada wajen 1900. Memori fom kuma, wato soson nan da yake lotsawa ya ɗau siffar jikin mutum, daga aikin hukumar NASA ta Amurka ya fito a 1966, asali dan kujerun jirgin sama aka yi shi. A Najeriya Vitafoam ya fara a Legas a 1962, shi kuma Mouka abinda mutane da yawa basu sani ba a Kano tushensa yake, iyalan Moukarim ne suka buɗe masana'antar kayan ƙarfe da katako a 1959, daga baya a 1972 aka kafa na soson a Legas.

Karaban mai taya

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko da aka ƙera dan yawon shaƙatawa shine The Wanderer, na wani likita ɗan Sikotilan mai suna William Gordon Stables, an ƙera shi a Biristol ta Ingila wajen 1885 kuma dawakai ne suke ja. Ƙungiyar masu karaban ta Ingila an kafa ta a 1907, kamfanin Eccles na Bamingam kuma ya fara yin wanda mota take ja wajen 1919. A Amurka karaban ɗin kamfanin Airstream ne ya yi suna tun shekarun 1930, mai jikin alminiyam. Galibin waɗanda ake gani a nan Najeriya tokumbo ne.

Awo

Nan ne mutane suka fi yin asara. Katifar gida a kasuwa da ƙafa ake kiranta, shida da shida, shida da huɗu da rabi, shida da uku, kauri kuma da inci. Gadon karaban bai san wannan ba. Wani an yanke mishi kusurwa ɗaya dan a samu hanyar shiga banɗaki, wani ƙarshensa zagaye ne, wani kuma da rana kujeru ne da tebur, da daddare a sauke teburin a jera kushin huɗu ko biyar su zama gado, kuma in soson kushin ɗin ba iri ɗaya bane to ƙugunka zai gaya maka inda haɗin yake. Ba a auna tsohuwar katifa, dan ta riga ta baje ko ta motse, gadon ake aunawa. Yadda masu aikin kushin suke yi shine su kawo babban kwali su shimfiɗa a kan gadon, su bi gefe da biro har lungun da ya karkace, su yanke da almakashi, su rubuta sama da wajen kai a jiki dan kar a juya, sannan a ɗora kwalin a kan soso a yanka da doguwar wuƙa. Ana rage kamar santimita 1 a kowane gefe saboda riga da zanin gado, in ba haka ba kullum sai an yi kokawa kafin ta zauna. A kuma auna sama, wato tazarar da ke tsakanin katifa da kabad ko rufi, da ƙofar karaban ɗin kanta, dan an sha sayen katifa ta ƙi shiga.

Nauyi da kauri

Mai shago zai ce maka Alhaji ɗauki inci goma sha biyu ka huta. A gida ƙila, a karaban kuwa a'a. Ƙananan karaban na Turai kayan da aka yarda ka ƙara musu gaba ɗaya, da tukunyar gas da batir da kayan sawa, sau da yawa kilo ɗari da 'yan kai ne, kusan kayan raƙumi ɗaya kenan abin mamaki. Kuma gadaje da yawa ɗaga su ake yi a ajiye kaya a ƙasa, katifa mai nauyi tana kashe ƙarfen da yake riƙe murfin. Shi yasa akasari santimita 10 zuwa 15 ake sawa, wato inci 4 zuwa 6.

Abinda ya fi kauri muhimmanci shine densiti, wato nauyin soso a kowace mita kubik. Soso mai kilo 18 ko ƙasa da haka a shago yana da kyau, wata shida sai ka fara jin katako. Daga 28 zuwa 35 shine na kwanciyar kullum ga babban mutum. Lissafin ba wuya, katifa mai tsawon santimita 190 da faɗin 135 da kaurin 15, in densitinta 30 ne za ta yi kilo 11 da rabi, dan haka in aka ce maka mai ƙarfi ce ka ɗaga da hannu ɗaya kamar filo to da sake. Densiti kuma ba shine tauri ba, ana samun soso mara nauyi mai tauri wanda zai mutu da wuri. Gwajin da kowa zai iya shine ka durƙusa a kai da gwiwa ɗaya a kan siminti, in gwiwar ta taɓa ƙasa bari kawai.

Ta sifirin tafi shan iska amma tana da nauyi kuma ba a yanka ta, sai dai a yi oda. Sosan roba yana daɗewa, yana da nauyi, da tsada. Wadda ake kira otofedik a kasuwa sau da yawa gutsattsarin soso ne aka matse da gam, tauri kamar benci, kuma tana da nauyi sosai.

Zafi da danshi

Watan Afrilu a Kano zafin rana yana kai digiri 40, ɗakin ƙarfe kuwa da ya wuni a rana ya wuce haka nesa ba kusa ba. Memori fom da zafin jiki yake aiki, yana lotsawa ya rungume mutum, a ƙasar sanyi daɗi ne, a nan in babu AC ko wuta ta ɗauke sai ka farka kamar an tsoma ka a ruwa, da hunturu kuma ya ƙanƙame sai ya ɗau ɗumi tukuna. Wanda ya nace sai shi, gara ya sa siriri na santimita 3 zuwa 5 a kan soso mai kyau. Rigar leda tana ƙara zafi, gara ta auduga mai zif da za a cire a wanke, yadin kuma a Kantin Kwari ba ya wuya.

Danshi kuma ta ƙasa yake zuwa. Gumin mutum yana ratsa soso ya sauka kan filawud mai sanyi ya tsaya a nan, musamman a watan Agusta da ruwa yake kamar da bakin ƙwarya kuma tagogi a rufe. Sama za ka ga katifa fes, ranar da aka ɗaga sai a tarar da baƙin fumfuna ya yi zane daidai inda bayan mutum yake kwanciya, katakon ya kumbura, ga wari. Maganinsa a jera siraran katako da tazara a maimakon falanki ɗaya, ko a huda filawud ɗin, wasu ma tabarmar kaba suke sawa a tsakani kuma tana taimakawa. A dinga jingine katifar da rana. Shanya sosan tsirara a rana kullum yana sa shi ya yi ja ya dinga marmashewa, a bar shi da rigarsa. Tsohuwar katifar da ta zo da karaban na hannu kuwa a duba ɗinkin gefe saboda kuɗin cizo.

Tauri da ciwon baya

An daɗe ana cewa mai ciwon baya ya kwanta a mai tauri. Wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313, wanda mujallar Lancet ta buga a 2003, ya nuna mai matsakaicin tauri tafi sauƙaƙa ciwon. Har yanzu ana saɓani, kuma nauyin mutum da yadda yake kwanciya suna canza amsar.

Gobara

Soso in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne, kuma a karaban risho ko gas bai fi taku biyu daga gado ba, ƙofa ɗaya ce. Ingila tana da dokar 1988 kan kayan ɗaki masu jure wuta wadda ta haɗa da na karaban. Maganin sauro na kunnawa ba a ajiye shi kusa da katifa.

Amfani a yau

Yawon shaƙatawa da karaban bai zama al'ada a Kano ba. Masu sayen irin wannan katifa yawanci ma'aikatan wajen aikin titi da gine-gine ne, sai direbobin tirela da suke yanko soso daidai ɗan gadon da ke bayan kujera.