Sanyin Jos daban, na Turai daban: a karanta kafin a ɗaure kaya

Duk shekara, da zarar Disamba ta kawo kai, sai an samu masu leƙowa ɗakin shan magani inda nake aiki a nan Jos, su ce tafiya ta kama su zuwa waje, a auna musu jini ko a duba katin rigakafinsu. Ɗalibai ne, da 'yan kasuwa, da iyaye mata da za su je jegon 'ya'yansu. Idan na tambayi abin da suka tanada saboda sanyi, amsar kusan ɗaya ce: "Haba Sista, mu da muka tashi a Jos?"

Wannan amsa tana tayar mini da hankali. Gaskiya ne garinmu na kan tudu, sama da mita 1,200, kuma da hunturu sanyin asuba yakan sauko kusan digiri 10. Amma kafin azahar rana ta fito, an tuɓe rigar sanyi. A Mosko ko Toronto cikin Janairu, sai a wuni a kwana ma'auni bai haura sifili ba. Landan ba ta kai su ba, amma ga yayyafi ga iska, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Jiki ba ya samun hutun da ranar Jos ke ba shi.

Waɗanda na fi jin tsoro a kansu masu sikila ne. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, jinin mai sikila kuwa dama da ƙyar yake ratsa su. Ga bushewar jiki ta cikin jirgi, ga mutum ba ya jin ƙishi a lokacin sanyi balle ya sha ruwa. Abubuwan nan idan suka haɗu, ciwon ke tashi. Akwai wani yaro da na sani tun yana ƙarami, ya samu gurbin karatu, ya sauka da suwaita ɗaya da takalmin kambas, rigarsa mai kauri tana cikin akwatin da bai iso tare da shi ba. Makonsa na farko a gadon asibiti ya yi shi, a ƙasar da bai san kowa ba. Mahaifiyarsa a gabana ta yi kuka. Tun daga ranar ba na barin mai sikila ya fita daga ɗakina sai mun yi maganar kaya dalla-dalla. Haka masu asma, domin busasshiyar iska mai sanyi tana shaƙe ƙirji, da masu hawan jini, domin jini yakan ƙara hawa da sanyi, da masu ciwon suga da ƙafarsu ta fara mutuwa, waɗanda sanyi zai iya yi wa yatsu illa ba su ji ba. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya ga likitansa makonni kafin tafiya.

Batun sutura, hawa uku ake yi. Na ciki ya zama mai kama jiki, riga da dogon wando, na ulu ko na yadin roba da ba ya riƙe gumi. Auduga, wadda ita ce abokiyarmu a nan, can ba ta da amfani a jikin fata: ta sha gumi, ta jiƙe, ta mayar maka da sanyin. Na tsakiya suwaita. Na waje riga mai kauri da iska da ruwa ba sa ratsawa. Amfanin hawa-hawa shi ne gidaje da shaguna da jiragen ƙasa duk da ɗumi a cikinsu, sai ka rage ɗaya idan ka shiga, ka mayar idan za ka fita. Hajiya, atamfa da abaya ba su hana komai ba, a sa dogon wandon a ƙarƙashi, a sa hula mai rufe kunne a ƙasan hijabi. Alhaji ma kaftani da shadda su hau kan na cikin. A ƙara da safar hannu, da safar ƙafa ta ulu, da abin naɗe wuya. Mafi yawan waɗannan ana samunsu a gwanjon kasuwar Katako ko Taminus da sauƙin kuɗi, a wanke a shanya sosai.

Abin da ya kwantar da yaron nan shi ne inda ya sa rigarsa. Rigar waje, da hula, da safar hannu, a hannunka za su shiga jirgi. Magunguna ma haka, cikin kwalinsu na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunanka, kuma su wuce adadin kwanakin tafiyar. Masu ɗauke da tiramadol ko maganin da ke da kodin su binciki dokar ƙasar da za su je da wadda za su yada zango, domin akwai inda kama mutum ake yi. Abin ruwa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100, saboda haka babban gwangwanin man kaɗanya ya tafi cikin akwati. Za a buƙace shi, fata da leɓe suna tsagewa. Kilishi da dambun nama a bar su gida, Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shiga da nama. Daga Abuja zuwa Landan awa 6 ne da wani abu, a riƙa tashi ana taka ƙafa, ana shan ruwa.

Idan an sauka, wani abin da ke yawan kai baƙi asibiti santsi ne. Dusar ƙanƙara fara ana ganinta. Mugun shi ne ruwan da ya daskare a kan kwalta ko matakala, ya yi kamar jiƙa ce kawai. Takalmi ya zama mai ƙasan roba mai haƙora, ya rufe idon sawu, ya ɗan fi ƙafa saboda safa. A yi gajeren taku, a fitar da hannu daga aljihu, a kama ƙarfen matakala. Dattawa musamman, karayar ƙugu ba ƙaramin abu ba ce. A Ingila mota ta hagu take bi, sai a fara duba dama kafin a tsallaka titi. Can babu ɗan acaba ko Keke da za ka ɗaga wa hannu. Bas da jirgin ƙasa da lokacinsu suke tafiya, ƙanƙara kuma takan jinkirta su. A duba lokaci a waya kafin a fito, kada a yi rabin awa a tsaye a tasha. Batirin waya yana saurin mutuwa a sanyi, a ajiye ta a aljihun ciki, a kuma rubuta adireshin masauki a takarda. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, don Allah kada ya fara a wannan tafiyar.

Bayan alwala a goge ƙafa da hannu su bushe ƙayau kafin a sa safa. Hukuncin shafa a kan huffi a tambayi malami tun a gida.

Akwai al'adarmu ɗaya da nake roƙo a bari a nan, a nan ɗin ma a daina: shiga ɗaki da kaskon garwashi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, gidajen can kuwa a toshe suke ruf. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya yi barci, shi ke nan. Kunna murhun gas don ɗumama ɗaki ma haɗarin ɗaya ne. Idan hita ta lalace, a kira mai gida.

Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamunsa karkarwa mai tsanani, harɗewar harshe, ruɗewa da jin barci. Idan karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya ƙara muni ne. A shigar da shi ciki, a cire jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi, a kira agaji. Yatsa ko kunne ko hanci da ya mutu, ya yi tauri, ya sauya launi zuwa toka-toka, kada a murza shi, kada a kara shi a wuta. A sa shi cikin ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a nufi asibiti. Lambar gaggawa 999 ce a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada. A rubuta ta a takardar nan mai adireshi, a sa a aljihun rigar waje tun kafin a bar Jos.