Tambayoyi goma na farko a GMAT ba su kaɗai ke ba da maki ba

'Yan uwa na Garwa da Marwa masu shirin rubuta jarrabawar GMAT don shiga makarantar kasuwanci a waje, akwai maganar da ta daɗe tana yawo wai ka zuba lokacinka a tambayoyi goma na farko, su ke yanke makinka. Wallahi ba haka bane. Eh gaskiya kwamfutar tana bin amsarka, in ka ci ta kawo mai wuya, in ka faɗi ta sassauta, amma ai haka take yi har tambayar ƙarshe.

Kowane sashe na jarrabawar minti 45 ne, sashen lissafi tambaya 21, kenan minti biyu da 'yan daƙiƙu kowace ɗaya. Ka tsaya kana kashe minti biyar biyar a farko to ƙarshe zaka bar wasu ba amsa, kuma wannan yana zaftare maki sosai, abin na damuna don masu ƙoƙari ne yake kayarwa. In tambaya ta kai minti uku bata warware ba, cire amsoshin da ka tabbata ba su bane, zaɓi ɗaya ka sa mata alama ka wuce. In ka gama da sauran lokaci zaka iya dawowa ka canza amsa har guda uku a kowane sashe.